Masana'antar tumatirin Kadawa da maganar cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin kamfanoni

Duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Zariya lokacin rani ya san yadda tumatir ke cika wajen Kura da Kadawa da Kwanar Gafan, kwanduna jere a bakin titi, wani ana lodawa a mota za a yi Kudu da shi, wani ya fara ruwa tun ba a samu mai taya shi ba, wani kuma an gaji an yanka an shanya a ƙasa ana kauɗa don kar a yi asara duka. Kuma a Kadawan nan ne dai aka gina masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a 2016, wadda aka ce injinanta za su iya cinye tan 1,200 na ɗanyen tumatir a kullum, wato kamar tirela 40 kenan kowace rana in kowace ta ɗauko tan 30. Amma tun buɗewar tata ba ta samu ta yi aiki yadda aka tsara ba, ta tsaya a shekarar farko, aka sake tada ta a 2019, ta sake tsayawa, ko lokacin da take aikin ma ba ta kai rabin ƙarfinta ba, kuma dalilin da masu ita ke bayarwa kullum ɗaya ne, babu isasshen tumatir. Abin nan yana damuna ƙwarai wallahi, tumatir na ruɓewa a bakin hanya, inji na kwance a gefe yana jiran tumatir, kuma tsakaninsu ba wata tafiya ba ce.

Ni a ganina ba kuɗi ne ya gaza ba, ba kuma inji ba, don waɗannan an zuba su. Abin da ba a gama ginawa ba kafin a kunna injin shi ne mutanen da ke kewaye da shi, mai iri, mai rainon dashe, mai taki, mai maganin feshi, mai ba da bashi, mai mota, mai kwando, malamin gona, sai uwa uba manomin kansa da yarjejeniyar da za ta sa ya ga kawo kayansa masana'anta ya fi masa alheri. Kamfanoni yanzu kowa na maganar ɗorewa, za mu rage asara, za mu kare muhalli, za mu rage hayaƙi, to amma yawancin asarar da ɓarnar ba a cikin katangar kamfanin suke faruwa ba, a gona suke da kan hanya da bola, wajen mutanen da ba ma'aikatansa ba ne kuma ba zai iya ba su oda ba, sai dai ya zauna da su a daidaita.

Ku duba lissafin da kyau. Kafin a samu tan ɗaya na tumatirin gwangwani mai kauri sai an niƙe wajen tan shida na ɗanye, saboda tumatir kusan duk ruwa ne. Kenan dole masana'anta ta saya da araha in ba haka ba wanda ake shigowa da shi daga Chaina a cikin duro ya kashe mata kasuwa. Shi kuma manominmu a hekta ɗaya da ƙyar yake haɗa tan 10, da yawa ma ba sa kaiwa, alhali manomin Kalifoniya ta Amurka na ɗibar sama da tan 100 a hektar nan guda. Wanda ya samu tan 100 zai iya sayar da kilo da araha ya ci riba, wanda ya samu tan 7 in ya sayar a wannan farashin ko kuɗin man injin ban-ruwa ba zai fitar ba. Toh sai me ke faruwa, ranar da kasuwa ta yi kyau dillali ya zo da kuɗi a hannu, manomi ya ba shi, masana'anta ta wayi gari babu kaya, ranar da kasuwa ta faɗi kuma kowa ya ɗauko nasa ya nufi masana'anta a lokaci ɗaya, layi ya yi tsawo, kaya ya lalace a mota. Kowane ɓangare sai ya ce ɗayan ba shi da alƙawari. Ni dai ban ga laifin manomin da ke da iyali da bashin taki a wuyansa don ya bi inda farashi ya fi ba, kuma ban ga yadda masana'anta za ta sayi kaya a farashin kasuwar Mile 12 ta Legas ta rayu ba. Matsalar tana can wajen yawan amfanin gona, kuma ba wanda zai iya gyara wannan shi kaɗai.

Sai kuma ga sharon. A 2016 ɗin nan da aka buɗe masana'antar ne tsutsar nan da turawa ke kira Tuta absoluta, manomanmu kuma suka sa mata sharon, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalinta daga Kudancin Amurka take, ta shiga Sifaniya a 2006, daga nan ta bazu har ta iso mu. Tana shiga cikin ganye ne ta ɓuya, feshin da aka saba ba ya kai mata sosai, sai manoma suka riƙa ƙara magani kan magani, ana kashe kuɗi, ana zuba guba a ƙasa da ruwan kanal, ita kuma tana ƙara sabawa da maganin. Irin wannan annoba in maƙwabcinka bai yi maganinta ba kai ma ba ka yi ba, don daga gonarsa za ta dawo taka. Sai an samu wanda zai haɗa manoman yanki guda su yi shuka lokaci ɗaya, su sa tarko, su canja magani tare, su ƙone ragowar kara bayan girbi. Wa ya fi cancanta ya haɗa wannan in ba mai masana'antar da rayuwarta ta dogara da gonakin ba, shi da masu sayar da magani da cibiyoyin bincike irin su NIHORT mai binciken kayan lambu da jami'o'inmu.

A yi adalci, daga baya kamfanin Dangote ya gane inda gizo ke saƙar, ya gina katafaren wajen rainon dashe a Kadawa don manoma su samu iri mai kyau, ya kuma shiga noma da kansa. Gwamnati ma a 2017 ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir zuwa kashi 50 cikin 100 da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan, sannan ga shirin Anchor Borrowers na Babban Banki da aka fara a 2015 a Kebbi da shinkafa, wanda manufarsa dama ita ce a haɗa manomi da mai masana'anta da banki. A takarda tsarin ya yi kyau. Amma da yawa daga irin haɗin nan auren dole ne aka ɗaura daga sama, ba a san juna ba, kaya na zuwa a makare bayan lokacin shuka ya wuce, wasu suka ɗauki bashin a matsayin rabonsu na gwamnati, biya ya zama rigima.

Akwai wani kamfanin da ya bi ta wata hanya, Tomato Jos, wanda Mira Mehta ta kafa a 2014, yanzu yana wajen Kangimi a jihar Kaduna. Sun yi shekaru suna noma kawai, suna gwada iri, suna koyon ƙasar, suna ɗaukar ƙananan manoma su koya musu a filin kamfanin, har da masara da waken suya da damina don alaƙar kar ta yanke in lokacin tumatir ya wuce, sai wajen 2021 zuwa 2022 masana'antar ta tashi kayansu ya shiga kasuwa, kuma ƙarama ce sosai in ka gwada da ta Kadawa. Ba na cewa sun gama da matsala, harkar tumatir ba ta da sauƙi ga kowa, amma jerin da suka bi shi ne daidai a wajena, a fara da gona da mutane, inji ya zo daga baya gwargwadon abin da mutanen za su iya ciyar da shi. A Kalifoniyar ma da ake misali da ita ba wai kirki ne ya yi musu yawa ba, ƙungiyar manoman tumatir ce ke zama da masu masana'antu a yanke farashin tan tun kafin kaka, manomi ya san nawa zai shuka da ranar da zai kawo, masana'anta ta san me zai shigo mata kowane mako, banki kuma ya ga kwantiragi ya ba da bashi hankali kwance.

Yanzu bari in kai ku wani gari a Denmak da ake kira Kalundborg, ƙaramin gari ne a bakin teku, mutanensa ba su kai dubu 20 ba, wajen kilomita 100 yamma da Kopenhagen, amma duk mai karatun yadda kamfanoni za su zauna da juna ba tare da ɓarna ba sai ya bi ta kansa. A 1961 aka gina matatar mai a garin, tana buƙatar ruwa mai yawa, ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma ba shi da yawa, sai hukumar garin da matatar suka haɗu aka ja bututu daga tafkin Tissø. A 1972 kamfanin Gyproc mai yin allunan silin da bango ya kafa masana'anta kusa, ya ga matatar na ƙone iskar gas a banza, aka ja masa bututu yana busar da allunansa da ita. Tashar wutar lantarki ta Asnæs da ke aiki da kwal a lokacin tana da zafi da tururi da suka yi mata yawa, a farkon shekarun 1980 ta fara tura zafin gidajen garin don ɗumama ɗaki, dubban gidaje suka daina ƙona mai, tururin kuma ta sayar wa matatar da kamfanin Novo Nordisk mai yin insulin na masu ciwon suga. Tokar kwal ɗin masu siminti suka riƙa saya. Ruwan ɗumin da ke fita daga tashar aka yi kiwon kifi da shi. Ragowar da ke fita daga tukwanen Novo aka gyara ta zama taki ana kai wa manoman yankin. A 1993 da tashar ta sa na'urar wanke hayaƙi don cire farar wuta, abin da ke fitowa daga wankin shi ne jifsom, farin garin nan da ake POP da shi, sai Gyproc ya riƙa saya a maƙwabta maimakon wanda yake shigowa da shi daga Sifaniya ta jirgin ruwa.

Abin da ya fi burge ni a labarin, ba wanda ya zauna ya zana wannan tsarin tun farko. Ba kwamiti, ba ƙaddamarwa. Ciniki ne ɗaya bayan ɗaya, kowanne tsakanin kamfani biyu, kowanne sai da aka yi lissafi aka ga mai bayarwa ya huta da kuɗin zubarwa, mai karɓa ya samu kaya ƙasa da farashin da yake saya, sannan aka ja bututu. Wanda lissafinsa bai fita ba aka bar shi. Sai a ƙarshen shekarun 1980 ma suka farga cewa abin da suka gina yana da suna kuma duniya na sha'awarsa. Garin ƙarami ne, manajojin sun san juna, suna haɗuwa a kulob da wajen taro, ba gasa suke da juna ba don kowa da sana'arsa, to faɗa wa maƙwabci ga abin da nake zubarwa da yawansa bai zama tonon asiri ba.

Kuma ga inda maganar ta fi ƙarfi. Kwal dai ƙazanta ne duk yadda aka yi da tokarsa. Lokacin da masu tashar suka so barin kwal su koma ƙona ɓaraguzan itace, aikin na buƙatar kuɗi masu nauyi, ba za su zuba ba sai sun tabbatar akwai mai sayen tururin. A 2017 Novo Nordisk da Novozymes mai yin sinadaran enzayim da kamfanin ruwa da zafi na garin suka sa hannu a yarjejeniyar shekara 20, a kan wannan aka gina sabon sashen, aka buɗe shi a 2020. Kun ga kenan alƙawarin kwastoma ne ya ba mai wuta ƙarfin halin canjawa, shi kuma kwastoman ya samu tururi mai tsabta da ba zai iya samar wa kansa da araha ba. Sai dai dogaro da juna na da nasa haɗarin, barin kwal na nufin jifsom ɗin hayaƙi ya tafi, mai allo dole ya nemi wata hanya, ciki har da sake niƙa tsofaffin alluna. Wanda zai shiga irin wannan zama ya san cewa ranar da abokinsa ya canja sana'a shi ma sai ya motsa, shi ya sa ake rubuta wa'adi da sanarwa a kwantiragi tun ana shiri.

Kar wani ya ce wannan sai turawa. Ku tambayi tsofaffin magina a Kano ko Zariya yadda ake laso, simintin gargajiya da ake shafe soro da shi ruwa bai ratsa ba. Katsi ne, wato laka da tokar da ke kwanta a ƙasan rijiyar rini irin na marinar Ƙofar Mata, a kwashe a ƙone a daka, a haɗa da gashin jima da majema ke kankarewa daga fata, a zuba ruwan dafara. Sharar marini da sharar majemi suka zama kayan aikin magini, kuma da lason nan ake sake shafe rijiyar rinin kanta. Haka jakuna suka riƙa fitar da takin birni zuwa gonakin kewayen Kano su dawo da itace, haka mai matsar gyaɗa ke sayar da tunkuza. Ba wanda ya yi wa wani alfarma a ciki, kowa na samun nasa ne. Abin da ya ɓace mana shi ne yin haka a girman masana'antun zamani, inda majemun Challawa da Sharaɗa suka daɗe ana kuka da ruwan da suke saki yana shiga kogi, alhali wajen tace ruwa ɗaya da kamfanoni da yawa za su haɗa kuɗi su riƙe ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kowa ya gina nasa, ga kuma injinan casar shinkafa da suka cika Kano suna tara buntu, wasu na ƙona shi a tukunyar tururinsu, saura kuma a jibge ko a cinna masa wuta a fili hayaƙi ya dami unguwa, bayan ga gidajen burodi nan suna cinye itacen dazukanmu.

In muka dawo kan tumatir, wuraren da za a ƙulla irin wannan cinikin suna da yawa kuma ba sai an jira wani babban shiri ba. Ɓawo da 'ya'yan da masana'anta ke fitarwa abincin dabbobi ne, masu kiwon kaji da masu turke za su saya, kashin dabbobin ya koma gona. Ruwan wankin tumatir in an tace zai yi ban-ruwa. Masu ɗakin sanyi na sola irin ColdHubs da Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, inda ake biyan kuɗin ajiya kan kowane kwandon roba a kullum, za su iya zama a bakin wajen tara kaya don abin da bai samu shiga yau ba ya kai gobe. Sannan farashi, maimakon a yanke lamba ɗaya a ce ko kasuwa ta hau ko ta sauka shi kenan, a sa mafi ƙanƙantar farashi da kamfani ba zai sauka ƙasa da shi ba, in kasuwa ta hau a ƙara wa manomi wani kaso, a kuma bar masa wani ɓangare na gonarsa ya kai kasuwa yadda yake so, a biya shi cikin kwana biyu ba wata biyu ba. Shekarar da sharon ta zo kuma a san tun farko yadda za a raba asarar tsakanin kamfani da banki da inshora da manomi, don in duk haɗarin a kan mafi rauni aka ɗora shi, shekara ɗaya zai yi ya gudu, kuma ya yi gaskiya.

Ko maganar kwando ma kaɗai ta isa misali. An daɗe ana cewa kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin ƙasar nan lalacewa yake kafin ya kai tukunya, kuma kowa ya san kwandon gargajiya da ake ɗora wani kan wani daga Kano har Legas na cikin dalilan, na ƙasa matsewa yake, tsinken kwandon na huda shi. Kwandon roba na rage wannan sosai, 'yan kasuwa sun gani da idonsu, to me ya hana shi karɓuwa gaba ɗaya? Kwandon gargajiya tafiya ɗaya yake a yar da shi, na roba kuwa da tsada, dole ya dawo Arewa, kuma mai tirela ba zai dawo da shi kyauta ba don yana da lodin da zai ɗauko daga Legas, ga ɓata, ga sata, ga masu saƙar kwando da 'yan dako da abincinsu ke jikin tsohon tsarin su ma sai an san yadda za a yi da su. Manomi ɗaya ba zai sayi kwandon da zai tafi Mile 12 bai san ranar dawowarsa ba. Sai an samu kamfanin haya da ya mallaki kwandunan yana karɓar kuɗin jingina, ƙungiyar 'yan gwari ta tsaya wa mambobinta, ƙungiyar direbobi ta yanke kuɗin dawo da su, masana'antu da manyan kantuna kuma su ce mu a roba kawai muke karɓa kuma za mu ƙara wani abu a kai, don ƙarin nan ne zai biya kuɗin hayar da na dawowar.